Masu gyaran firiza, ku daina fakewa da cewa gas ya ƙare

Abin da wasu masu gyaran firiza suke yi wa jama'a ya wuce kuskure, ya zama cin amana. Da zarar an ce musu firiza ta daina sanyi, tun kafin su kwance ko da noti ɗaya sai su yanke hukunci cewa gas ya ƙare, su karɓi kuɗin ɗuri su kama gabansu. Alhali gas ɗin firiza ba man fetur ba ne da ake ƙonawa. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa, kuma ba ya raguwa sai idan bututun ya huje. Duk wanda ya ɗura sabo ba tare da ya nemo inda yake yoyo ba, to ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa ya san babu yoyon.

Haka aka yi mini bayan Babbar Salla. Firizar gidana, irin wadda take narkar da ƙanƙararta da kanta, ta rage sanyi, fankarta kuma tana gogar wani abu tana ƙara. Aka kashe ta kwana guda, aka ɗura gas, ta dawo kamar ta gyaru. Ba a jima ba naman layyar da muka ajiye ya saki, ruwan jini yana tsiyaya ta ƙasan ƙofa, dole aka zubar da rabinsa. Ashe kashewar nan ce ta narkar da ƙanƙarar da ta toshe ta, gas bai taɓuka komai ba.

Da wani mai gyara mai tsoron Allah ya cire marfin da ke bangon baya daga ciki, sai ga bututun sanyi ƙanƙara ta lulluɓe shi gaba ɗaya, iska ba ta da hanyar wucewa. A irin wannan firiza akwai taima wadda take tsayar da kwampiresa, wato injin da ke tura gas, kamar bayan kowace awa 8 ta aiki, ta ba hita wuta na minti 20 zuwa 30 domin ƙanƙarar ta narke ta bi magudana. Mai gyaran ya murɗa taimar da sukudireba har ta yi ƙas, kwampiresa ta yi shiru, amma hita ba ta ko ɗumi ba. Da ya sa mitar gwada wuta, hitar lafiyarta lau. Ɗan ƙarfen da ke manne a jikin bututun, wanda suke kira baimetal, shi ne ya mutu ya ƙi barin wuta ta wuce. Binciken duka bai kai awa guda ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu sa wuƙa su fasa ƙanƙara, su huda bututun da hannunsu, alhali gas ɗin R600a da ke cikin firizoji da yawa na yanzu yana kama wuta. Daga yau duk wanda zai ce mini gas ya ƙare, sai ya fara buɗe marfin nan a gabana, ya gwada taima da hita da baimetal, sannan ya nuna mini hujin da ido.