Kama da wane ba ta wane: ƙasusuwan Sin da gardamar asali

Sa harshenka a bayan haƙoranka na gaba na sama. A yawancinmu wurin sumul yake. A gabashin Asiya kuwa galibi akwai ɗan rami a tsakiya, gefuna sun yi tudu kamar bakin shebur. Wannan ɗan ramin ya ja gardamar da ta kusa shekara ɗari: shin Sinawan yau daga mutanen da na ƙasar Sin suka fito, ko daga Afirka?

A Disamban 1929 wani masanin ƙasar Sin mai suna Pei Wenzhong ya ciro ƙoƙon kan wani ɗan adam na zamanin da a Zhoukoudian, kusa da Beijin. Da masanin ƙasusuwa Franz Weidenreich ya ga haƙoran wurin da irin ramin nan, sai ya ce Sinawan yau jikokin masu haƙoran ne. Ƙasusuwan sun ɓace a 1941 cikin hargitsin yaƙi, sai kwafinsu ya rage.

Ni dai hujjar haƙori ba ta gamsar da ni ba. Mutanen Niyandatal, wani jinsin ɗan adam na da da ya ƙare, su ma suna da ramin, ba wanda ya kira su kakannin Sinawa. Ramin mutanen yau yana da alaƙa da wani sauyi a ƙwayar halittar gado mai suna EDAR, wanda ya bayyana kimanin shekara 30,000 da suka wuce. A 2001 an binciki maza 12,127 a gabashin Asiya, kowannensu na ɗauke da alamar gadon uba mai tushe a Afirka.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne ƙidayar shekaru. A kogon Fuyan da ke kudancin Sin an samu haƙora 47 irin na mutanen yau, a 2015 aka ce sun kai shekara 80,000, amma ɓawon dutsen da aka ce ya rufe su aka auna. Ruwa da dabbobi kan cusa ƙashi ƙarƙashin tsohon dutse. Da wasu suka auna haƙoran kogon kai tsaye a 2021, sai suka samu ƙasa da 10,000. Har yau ana ja.

Shi kansa DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ba ko'ina yake jurewa ba. Zafi da laimar kudancin Sin na cinye shi. Shi ya sa ake fara huda ƙashin cikin kunne, don ya fi kowane ƙashi tauri. A ƙoƙon kan da aka samu a Harbin, arewa maso gabashin Sin, mai shekara aƙalla 146,000, nan ɗin ma ba a samu DNA ba. Sai a 2025 Fu Qiaomei da abokan aikinta suka kankaro dattin da ya daskare a haƙorinsa ɗaya tilo, suka gano ɗan Denisoba ne, wato wasu mutanen da, dangin Niyandatal, alhali a 2021 an riga an raɗa masa sunan sabon jinsi.