Manhajar Amurka a tsakar gidan Garwa: wace jarrabawa yaron zai zauna?

Komawa makaranta na watan Satumba bai ƙaraso ba, masu tallan "cikakkiyar manhajar karatun gida" sun riga sun cika mana wayoyi. Littattafan Amurka ne da aka sauko da su daga intanet aka buga, haɗe da jadawali mai launi-launi: ƙarfe takwas lissafi, tara kimiyya, goma zane. Wasu masu hali a Garwa da Marwa, nan arewacin Kamaru, har sun fara cire 'ya'ya uku huɗu daga makaranta lokaci guda, wai uwa za ta koyar da su a falo.

Dalilinsu ba ƙarya ba ne. Tun shekarar 2000 aka ce firamare kyauta ce a Kamaru, amma kowa ya san ajin da yara ke zaune a ƙasa don cunkoso, ya san malaman da iyaye ke haɗa kuɗi su biya. Wanda ya ga haka ya ce zai riƙe ɗansa a gida, ban ga laifinsa ba. Masu cewa karatun gida bidi'ar Turawa ce kuwa, su tuna a zauren wa kakanninsu suka yi allo.

Inda nake ja da su shi ne abin da suke sayowa. Dokar ilimi ta 1998 ta tsara wa ƙasar nan hanya biyu, ta Faransanci da ta Ingilishi. A ta Faransanci, wadda yawancin yaran arewa ke bi, yaro yana tashi daga ajin farko, SIL, ya bi ta CP, CE1, CE2, CM1 zuwa ajin ƙarshe, CM2, shekara shida, sannan ya zauna CEP, jarrabawar kammala firamare, da gasar shiga aji na farko na sakandare. A ta Ingilishi FSLC ce ke jiransa a ƙarshen firamare. Gaba kuma, a sakandare, ga jarrabawar BEPC da Probatoire da Baccalauréat a ta Faransanci, ko GCE a ta Ingilishi. To littafin da aka rubuta wa yaron Texas, wace daga cikin waɗannan yake shirya ɗanka ya ci?

Buɗe shi ka gani. Awo da inci da mil, kuɗi da dala, zafi da ma'aunin Fahrenheit, shekara kashi huɗu har da lokacin ƙanƙara. Yaron da uwarsa ke aikensa kasuwa da sefa, wanda ya san damina da hunturu da bazara, sai a zaunar da shi yana ƙirga canjin dala. A tarihi zai haddace shugabannin Amurka, amma bai taɓa jin Modibbo Adama ba, bai san Jamusawa sun shigo a 1884 ba, balle samun 'yancin kai na 1 ga Janairun 1960 ko haɗewar ɓangaren Faransanci da na Ingilishi a 1961. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma duk wannan da Ingilishi, a gidan da ake Hausa a ɗaki, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a ofis.

Jadawalin ma abin dariya ne. Wanda ya zana shi bai taɓa yin Afrilu a Garwa ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwanon rufi na ƙuna tun hantsi, wuta kuma ta ɗauke ta bar kwamfutar da aka ce a kanta za a kalli darasi. Babu gurbin makarantar allo a ciki, babu azumi, babu Juma'a. An kuma ɗauka kowane yaro yana da malaminsa. Uwa guda ce, ga girki, ga goyo. Kafin wata ya zagayo, kun san wa ake jibga wa aikin? Babbar 'ya. Yarinyar da ya kamata ta duƙufa kan CM2 sai ta koma malamar ƙannenta ba albashi, maigida kuwa yana majalisa yana alfahari cewa 'ya'yansa karatun Amurka suke yi. Wannan zalunci ne, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka fara.

Wanda ya nace sai ya koyar a gida, ya fara daga jarrabawar, ya lissafo baya. Ya nemi manhajar da ma'aikatar ilimin firamare ta fitar a 2018 da littattafan da ta amince da su, ya je ofishin sufeto ya ji sharuɗɗan rajistar mai zana jarrabawa da kansa tun kafin yaron ya kai ajin ƙarshe. Karatu mai nauyi, wato lissafi da koyon baƙi, a yi shi da sanyin safiya, kowane yaro a matakinsa, a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda malamin zaure ke biya wa wannan sauran na wanke allo. Tarihi da labarin ƙasa a haɗa su gaba ɗaya bayan La'asar. Idan uwar ba ta da Faransancin da za ta gyara shifta, a ɗauko malami a biya shi. Kuɗin da aka zuba wa mai buga takardun nan ya isa a fara.