Ba Ciniki Muke Yi da Allah Ba

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, na tarar da wata dattijuwa 'yar zumuntar mata a gindin darbejiyar majami'armu nan Katsina, ta yi tagumi. Na ce, "Mama, lafiya?" Ta ce, "Ɗana, shekara 40 ban fasa zakka ba, ban fasa azumi ba, amma in na tuna mutuwa sai gabana ya faɗi. Anya ya isa?"

Na so in ce mata ya isa don hankalinta ya kwanta, na kasa. Bai isa ba, nawa ma haka. Kuma wa ya ce sai ya isa? Mu ne muka mai da Allah kamar mai shago, muna zuba baiko muna leƙa littafin bashi. Masu wa'azinmu ma da laifinsu: a shafe wata ana maganar gudummawar gini, ba a taɓa Afisawa 2:8-9 ba, inda Bulus ya ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ladan aiki ba, kada wani ya yi fariya. Ɓarawon nan na Luka 23, hannuwansa na kan gicciye, wane aikin kirki ya rage masa? Amma Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Na san wani zai ce, to ashe kowa ya ci karensa babu babbaka. A'a, ɗan'uwa, karanta Afisawa 2:10: an halicce mu ne domin mu yi ayyuka nagari. Kawuna yana da lambu a Ajiwa. Na sha ganin ya tsaga ƙaramin mangwaro da wuƙa, ya cusa reshen mai kyau, ya naɗe da leda tam. Aure suke ce masa. Bai taɓa sayo mangwaro a kasuwa ya ɗaura wa bishiya da zare ba. Daga ciki ake sauya ta, 'ya'yan kuma su zo a lokacinsu. Abin da Ezekiyel 36:26 ke nufi ke nan: a cire zuciyar dutse, a sa ta nama. Da yawanmu zare muke ɗaurawa, shi ya sa muka gaji.

Haka na gaya wa Mama. Ta yi shiru, ta gyara ɗankwalinta, sannan ta ce, "To zakkar fa, in daina?" Na ce, "Ki ci gaba, Mama, amma ta godiya." Ta ce in rubuta mata ayar a bayan ambulan ɗin baikonta, jikarta za ta karanta mata da dare.