Huda yatsa kaɗai bai wadatar ba

Na ji daɗin wani rahoto da na karanta kan inganta kula da masu ciwon suga a cibiyoyin lafiya na matakin farko. Sai dai a yawancin asibitocin unguwa, iyakar abin da ake yi wa majinyaci shi ne a huda masa yatsa don auna sugan jininsa, a rubuta masa maganin suga na metformin, a sallame shi, alhali cutar a ɓoye take lalata ido da ƙoda, tana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Mahaifiyata ta shekara shida tana karɓar magani, ba a taɓa ce mata ta cire takalmi ba, sai da gyambo ya ci yatsunta biyu. Duba ƙafa ba ya buƙatar na'ura mai tsada, haka ma gwajin fitsari da tura mutum duba ido sau ɗaya a shekara. Tun da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta kafa asusu domin kula da lafiya a matakin farko, ina roƙon a sanya waɗannan gwaje-gwaje cikin abin da asusun yake biya.