Ashe mai gadin ne ke yi wa ɓarawo jagora

Wani labari da ya ce ƙwayar cutar herpes tana hawa kan ƙwayoyin garkuwar jiki ta zagaya ya tsaya mini a rai. Ƙarambau ma ai daga dangin nan yake. Idan yaro ya shaƙi ƙwayar cutar ƙarambau, takan fara sauka a bayan maƙogwaro, ta kama ƙwayoyin T, wato wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma su ɗauke ta ta cikin jini har fata. Kwana 10 zuwa 21 tana wannan tafiya shiru, yaro na wasansa, kafin ƙuraje su feso.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ta barin jiki. Takan laɓe a tushen jijiyoyi kusa da lakar gadon baya, shekara da shekaru, kuma tana iya farkawa daga baya. Na gani a jikin mahaifiyata bayan ta manyanta: ƙuraje masu ruwa sun yi mata ɗamara a haƙarƙari, gefe ɗaya kawai, ko riga ba ta iya jurewa. Ƙurajen sun bushe, zafin ya ƙi tafiya har watanni. Don Allah wanda ya ga irin wannan a jikin dattijo ya kai shi asibiti da wuri, maganin ya fi aiki cikin kwana 3 na farko.