Ga Mai Iƙirarin Shi Ya Sa Aka Buɗe Gari

Tun ranar 9 ga watan Yuni na 2020 da gwamnan wancan lokaci, Nasir El-Rufai, ya sanar da sassauta dokar kullen cutar korona a Jihar Kaduna, aka amince a koma sallar Juma'a da ibadar Lahadi, wani bawan Allah a nan Zariya ya shiga bin majalisu daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari yana shaida wa jama'a cewa matsin lambarsa ce ta sa gwamnati ta sauko. Ba zan ambaci sunansa ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da ya manta shi ne mutanen garin nan ba su da saurin mantuwa. Lokacin da aka kafa dokar a ranar 26 ga watan Maris na 2020, shi ne kan gaba wajen yaba ta, har yana kiran duk wanda ya koka da yunwa jahili marar kishin lafiyar al'umma. A wancan lokaci sunansa yana cikin masu rabon kayan tallafi a unguwarsu, kuma motarsa tana wuce shingen jami'an tsaro ba tare da an tambaye shi inda za shi ba. Mai facin taya da mai sayar da ƙosai da ɗan acaɓa, waɗanda sai sun fita suke samun na cefane, su ne suka yi azumi cikin kulle, suka yi ƙaramar salla a gida, alhali maƙwabtanmu na Kano sun je masallacin idi. Duk tsawon watan Ramadan ba mu ji ya ce uffan ba.

Sai da aka sake jerin sunayen masu rabo, aka tsallake nasa, sannan tausayin talaka ya sauko masa dare ɗaya. Daga nan ya fara cewa cutar korona ƙirƙira ce, ya manta cewa da gwamna ya bayyana ya kamu da ita a ƙarshen Maris, shi ne ya cika Facebook da addu'o'in neman sauƙi. Ko dai cutar gaskiya ce a Maris kuma gaskiya ce a Yuni, ko kuwa addu'ar ta neman kujera ce.

Akwai waɗanda suka nemi a sassauta dokar da zuciya ɗaya, cikinsu har da malamai da shugabannin 'yan kasuwa, kuma sun faɗi hujjarsu a fili tun ana cikin tsanani. Akwai kuma ma'aikatan lafiya da suka nemi a ƙara haƙuri saboda abin da suke gani a asibiti. Ɓangarorin biyu sun cancanci girmamawa, domin kowannensu ya tsaya a kan magana ɗaya.

Idan har muryarsa tana da ƙarfin da yake faɗa, to, a lokacin aiki bai ƙare ba. A watan Yuni na 2020 manyan kasuwanni suna rufe, 'yan kasuwar Sabon Gari suna kasa kaya a filayen makarantu, yara kuma suna zaune a gida. Mun jira ya sa a buɗe su kafin babbar sallar shekarar, ya kuma yi wa mutanen unguwarsu bayanin buhunan da suka rage a hannunsa ranar da aka cire sunansa.