Kada ka biya kuɗin gida sai maginin da kai ka ɗauko ya duba shi

Jama'a, yawancin cinikin gida a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa tsakanin kaka da bazara ake yinsa. Lokacin ne manomi ya sayar da riɗi ko shinkafa ko zoɓo, ɗan ci-rani ya fara turo abin da ya tara, wanda zai aurar da ɗa yana neman inda zai ajiye amarya kafin ruwa ya sauka. Matsalar ita ce a wannan lokacin kowane gida lafiyarsa ƙalau. Katanga ta bushe, tsakar gida a share, lungu babu taɓo, rufi ba ya ɗiga saboda babu abin da zai ɗiga. Mutum ya shiga ya leƙa ɗakuna, ya ƙirga su, ya ce Masha Allah, a kira shaidu a biya. Sai watan Agusta ya zo da marka, sannan gidan ya faɗi gaskiyar halinsa, kuɗi kuwa sun daɗe da tafiya.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka ɗauko magini wanda ka yarda da shi, wanda ba shi da alaƙa da mai gidan ko dillali, ka biya shi kuɗin wuninsa, ya bi gidan nan lungu da saƙo ya faɗa maka abin da ya gani. In da rufin kwano, ka haɗa da kafinta. Mutumin da zai sayi sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a ba ya jin nauyin buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, har ya zo da wanda ya fi shi sanin dabba. Mai san ma ba ya fushi. To me ya sa gida, wanda ya ninka kuɗin sa, wanda iyalinka za su kwana a ƙarƙashin rufinsa, shi ne za a saya da kallo ɗaya daga bakin zaure?

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Mai gidan ɗan gari ne, wataƙila sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci, wataƙila abokin mahaifinka ne. Kana cewa za ka kawo magini sai ka ji, “Haba ɗana, ba ka yarda da ni ba ne? Gidan da na shekara talatin a ciki?” Amsar ba ta da wuya, kuma babu rashin ladabi a cikinta: “Baba, na yarda da kai. Ginin ne nake so wanda ya san gini ya duba mana, don kada gobe wata magana ta shiga tsakaninmu.” Dattijon kirki zai ce bismillah. Sau da yawa ma shi kansa bai san azarar ɗakinsa ta cinye ba, domin gara daga ciki take ci. Wanda kuwa ya tubure ya ce atafau babu mai hawa masa soro, to ya riga ya faɗa maka abin da kake son sani.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Hadisin nan da Muslim ya ruwaito sananne ne: Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin sai ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ku lura, hannu ya sa ya duba, bai tsaya ga abin da ke sama ba. Saboda haka bincika kaya kafin saye ba zargi ba ne, kuma shafe katanga mai tsagewa da sabon yaɓe ana gobe masu saye za su zo, ba tare da an faɗa musu ba, algus ne.

Kada ka bari dillali ya kawo maka mai dubawa. Ba cewa nake dillalai maƙaryata ba ne, akwai masu amana da yawa, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, kuma wanda ya kawo ba zai so ya ɓata masa ba. A Ingila wannan duba sana'a ce mai zaman kanta. Mai saye ne yake ɗaukar ƙwararre ya biya shi, a rubuta masa rahoto, a sa wa kowane sashe na gidan alama: kore in lafiya lau, ruwan ɗorawa in yana son gyara, ja in gyaran na gaggawa ne. Mu ba sai mun kwaikwayi takardunsu ba. Muna da tsofaffin magina da suka san ƙasar kowace unguwa, har sarautar Sarkin Magina gare mu. In gidan babba ne na bulo, musamman mai bene ko wanda aka zuba wa dakin (rufin kankare), nan kam a nemo injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, daga Dutse ko Kano ko Haɗejia.

Abu na farko da za a duba ba ɗaki ba ne, ruwa ne. Ina ruwan gidan yake bi ya fita, ina na unguwar yake taruwa? A tsaya a ƙofar gida a duba ko tsakar gidan ta fi titi tudu ko titi ya fi ta. Garuruwa da yawa an yi musu ciko an ɗaga hanya, gidajen da a da suke kan tudu yanzu sun koma cikin kwari, ruwan lungu gaba ɗaya ta zaure yake shigowa. A duba gindin katanga ta waje, da bayan gida inda mai fenti ba ya zuwa, da katangun maƙwabta. Ruwan da ya taɓa kwanciya yana barin layi, kuma ko mai gida ya shafe nasa, na maƙwabcinsa yana nan. A tambaya ko wurin tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Ginin da aka ɗora a kan irin wannan ciko yakan zauna a hankali, ƙofa ta fara ƙin rufuwa, katanga ta dare daga kusurwar taga ta yi sama a karkace.

Mutanen da ke bin kogi ba sa buƙatar a tuna musu. Kogin Kano da na Challawa, waɗanda madatsun Tiga da Challawa suke kansu, suna haɗuwa su ratsa Wudil, su bi ta Ringim da Taura da Miga da Auyo da Haɗejia har Kirikasamma da Guri, inda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a wannan yanki ya san inda ruwa ya kai. Duk mai sayen gida a nan tambayarsa ta farko ita ce, a 2022 ina ruwa ya tsaya a gidan nan? Kada ka tambayi mai gida kaɗai. Ka sa matarka ko ƙanwarka ta shiga maƙwabta ta gaishe su. Mata ne suke kwashe ruwa da kwano da tsakar dare, su ne suka san ɗakin da aka fitar da yara daga cikinsa, kuma ba su da la'ada a cinikin. Amma kada wanda yake nesa da kogi ya saki jiki. Gidajen ƙasa da yawa da ke rushewa da damina ba kogi ne ya cinye su ba, ruwan sama ne na kwana biyu ko uku ba ƙaƙƙautawa ya jiƙa gindin katanga da rufi har suka saki, kuma galibi da dare ne, mutane suna barci.

Ni ba na cikin masu raina ginin ƙasa. Soron da aka gina da tubali mai kyau, aka yi masa yaɓe duk shekara, ya fi gidan bulo na ha'inci ƙarko, ga sanyi da bazara ga ɗumi da hunturu. Amma yana da wuraren da yake mutuwa, magini ya san su. Zai duƙa ya taɓa gindin katanga ya ga ko kanwar ƙasa ta ci shi ya zama gari, ya rame ta ƙasa alhali sama tana da kauri. Zai ɗauki ƙarfe ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, musamman bakin da ya shiga cikin katanga, nan ne gara take fara ɓarna. Azarar giginya mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda ta cinye kuwa sai ka ji ta kamar fanko. Zai hau kan soron ya ga ko ya lotsa a tsakiya ruwa yana kwanciya, ko an yi ta jibga masa ƙasa shekara da shekaru har nauyin ya fi ƙarfin azara, ya ga ko indararo yana jefa ruwa nesa ko a jikin katanga yake tsiyaya. Wannan duk bai fi aikin hantsi zuwa azahar ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a yanzu shi ne gidan ƙasa da aka lulluɓe da filastar siminti aka yi masa fenti. Daga waje ka rantse bulo ne. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, ruwa yana shiga ta ƙaramar tsaga ya maƙale a tsakani, ba ya samun hanyar bushewa, ƙasar tana narkewa a ɓoye har ranar da bangon zai zube gaba ɗaya. Ƙwanƙwasa shi da bayan hannu, in ya yi ƙara kamar ganga to ya rabu da jikin katanga. Na bulon ma a sami inda ba a yi filasta ba a karce da ƙusa. Bulon da aka yi wa rowar siminti da yatsa ma yana marmashewa. A haƙa kaɗan a gindin gini a ga zurfin harsashi. A cire silin ɗaya a haska tocila a ga katakon rufi da ramukan ƙusa, domin sabon silin a tsohon gida sau da yawa tabon yoyo yake rufewa.

Sai masai da rijiya. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninsu, kuma masan ya kasance ta gangare. A yawancin gidajenmu ko rabin haka babu, wani lokaci ma masan maƙwabci ne yake jingine da rijiyarka, katanga kawai ta raba. Wanda ya tuna yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a Kano da Jigawa a 2021 ba zai ɗauki wannan ƙaramin abu ba. A kuma tambaya ina tsofaffin masai da rijiyoyin da aka binne suke, don kada a wayi gari an gina ɗakin amarya a kan rami.

Wani zai ce, Malam, wanda yake sayar da gidansa a ƙauye yawanci matsuwa ce ta sa shi, rashin lafiya ko bashi ko rabon gado, in aka tona aibin gidan ai an karya masa farashi. Wannan magana tana taɓa ni, domin gaskiya ce. Amma mai sayen ma ba attajiri ba ne, guminsa ne na shekaru, wataƙila har shanun huɗarsa ya sayar. Kuma duba gida ba yana nufin a fasa saye ba. Babu gidan da ba shi da abin gyara. Abin da ake so shi ne magini ya ce azara shida sai an canza, katangar gabas sai an sake ta daga ƙasa, ga abin da zai ci, sai a zauna a yi ciniki kowa idonsa a buɗe. Malaman Malikiyya sun raba aibin gida uku: ƙarami wanda ba a komawa kansa, matsakaici wanda ake rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, da babba wanda yake ba shi damar mayar da gidan. Haƙƙin yana nan, amma karɓarsa bayan an biya sai an je gaban alƙali, an kawo shaidu cewa aibin ya riga ciniki, kuɗin kuma an riga an raba wa magada ko an kai asibiti. Zumuncin da aka ji kunyar taɓawa da farko a nan yake tsinkewa gaba ɗaya.

Magini ba zai gano maka mai gida na gaskiya ba, wannan aikinka ne. In gidan gado ne, ka tabbata an raba, kuma kowane magaji ya sani, har matan da suke aure a wani gari da ɗan da yake Legas ko Fatakwal. Wanda yake da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, yana iya zuwa ya biya abin da ka biya ya karɓi kason da aka sayar maka. Ka tambaya ko an jinginar da gidan. A zaga iyaka da maƙwabta na kowane ɓangare a tsaye, a san katangar da take taka da wadda ta tarayya ce, da inda kwatar gidan take da ikon bi. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma wajen ba da takardar mallaka ta gargajiya, saboda haka bayan sa hannun mai unguwa da dagaci, a daure a kai takarda sakatariya.

A takardar cinikin kuma kada a tsaya ga “na sayar, na saya” da adadin kuɗi. A rubuta abin da magini ya gani, da abin da mai gida ya faɗa da bakinsa game da ruwa da yoyo da tsofaffin ramuka, da wanda zai ɗauki nauyin kowane gyara. In za ka ba da kafin alƙalami kafin a duba, a faɗa a gaban shaidu cewa in aka sami babban aibi za a dawo maka da kuɗinka. Masu unguwanni da dagatai, ranku ya daɗe, ku ne kuke sa hannu a waɗannan takardu, kuma ƙofarku ake fara zuwa in rigima ta tashi. Kafin ku sa hannu ku riƙa tambayar mai saye ko ya kawo wanda ya duba masa ginin, in ya ce a'a ku ba shi kwana biyu ya je ya kawo.